Awon Ƙanƙara a Hailuoto

Ran Litinin, kafin rana ta leƙo,
in ma ta ga damar leƙowa,
nakan saɓa ƙarfen huda na babana Aatos
in taka gadon bayan teku da ƙafa.
Taku ɗari huɗu daga hasumiyar Marjaniemi:
nan yake hudawa, nan nake hudawa.

Tekun nan namu bai cika teku ba.
Kogin Kemi da na Oulu sun sirka shi
har gishirinsa ya koma raɗe-raɗi.
Ruwan zartsi ne, bai yi daɗin sha ba,
bai kuma isa ya ɗanɗana romo ba.
Shi ya sa ba ya ja da sanyi,
ana taɓa shi sai ya sandare,
alhali manyan tekuna na can suna gardama.

Na zaro sandar ƙanƙara, kamu ɗaya da taƙi,
na shimfiɗa ta a kan safar hannuna.
Samanta fari fat, cike da kumfa:
dusa ce ta yi nauyi ta danne,
ruwa ya biyo tsaga ya jiƙa ta,
dare ya zo ya ɗaure su tare.
Baba kan ce, "Kerttu, farar ba ta da amana,
in kin auna ta, ki raba biyu."
Ƙasanta kuwa baƙa, garau kamar idon kifi,
ta tsiro a hankali tana yin ƙasa,
sili-sili a tsaye, kafaɗa da kafaɗa.
Ita ke ɗaukar mota.

Ruwa in zai daskare, tofar da gishiri yake.
Wanda bai samu ya tsere ba
sai ya maƙale a 'yan hanyoyi sirara kamar gashi,
yana nan da ɗanyen ransa
ko a tsakiyar Fabrairu.
Na sa harshe.
Da ƙyar na ji shi,
kamar hawayen da ya bushe tun jiya.

Da dare, in sanyi ya ƙara matsa,
ƙanƙara kan yi tsaki, ta yi nishi,
ta tsage tun daga nan har inda ido bai kai ba.
In iskar kudu ta turo ta waje
ta haɗu da wadda ta kama gaɓa,
sai su hau juna, su tara tudu sama da tsayina,
abin da ke ƙasan ruwa kuwa ya ninka haka.

Afrilu ne mugun wata.
Rana kan shiga ta 'yan hanyoyin nan
ta buɗa su, ta ci ƙanƙara daga ciki.
Awo na nan yadda yake, ƙarfi ya tafi.
Sulo Kurkela ya auna kamu guda, ya yarda,
ta watse ƙarƙashinsa kamar ɗaurin kyandir.
Ƙusoshi biyun da ke rataye a wuyansa
su suka fid da shi, yana jan ciki.
Babur ɗinsa na dusa da taruna shida
suna can ƙasa har yau,
shi kuma ya daina gaishe da teku.

Na buɗe littafin, yatsuna sun ƙage.
Rubutun Baba na shafukan farko,
lambobinsa sun fi nawa ƙiba,
kwanakinsa sun fi nawa tsawo.
Na rubuta: fara, goma sha tara;
baƙa, arba'in da shida.

Kafin in ɗaure jaka
ramin ya riga ya yi yana,
siririya, ko numfashi zai fasa ta.
Na juya wajen fitilar hasumiya,
gishiri kaɗan a leɓena.